Rumbu na Uku da Muryar Malam

A shekarar da na sayi allon nan, ko aron tsani mutum ya shigo yi gidanmu sai ya sha bayani kafin ya fita. Allo ne na lantarki, kore, faɗinsa bai fi faifan rufe ƙwarya ba, da gurbi huɗu a jere. Kowane gurbi ana soka masa 'yar ƙaramar kwamfuta da ba ta fi katin shaida girma ba, su huɗun su tsaya a tsaye suna raba aiki a tsakaninsu. Ta ƙarƙashin allon kuma akwai wurin maƙala rumbun ajiya, wato abin da ke riƙe duk abin da aka zuba wa kwamfuta, siriri kamar yatsa. Rumbu uku na samu. Duka na hannu na sayo daga Kano, na kafa masa fanka a gefe, na jawo masa wuta daga solar gidanmu, na ajiye shi a kan teburin ɗakin karatuna ko akwati babu, don kowa ya ga cikinsa.

Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare a Roni, ina kwana a Kazaure a gidanmu na gado. Kullum da safe in hau mashin in tafi, in dawo bayan la'asar. A gidan daga ni sai matata da Inna, mahaifiyata. Ni ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunana ba, kuma ba ta doguwar magana da ni. In tana son wani abu sai ta tsaya a bakin ƙofa ta faɗa wa matata ina zaune ina ji: "A ce masa gishiri ya ƙare." Haka na tashi na gani, ban taɓa jin abin ya dame ni ba.

Mahaifina malamin zaure ne. Bayan sallar asuba magidanta ke zuwa ɗaukar karatu a wajensa, 'yan kasuwa da ma'aikata, da azumi kuma ya yi tafsiri a masallacin unguwa. Wani ɗalibinsa mutumin Gwiwa ya ɗauki shekaru yana ajiye rikoda a gabansa. Bayan rasuwar Malam da shekara goma sha ɗaya mutumin ya zo da kwali a bayan mashin, ya ce shi ya tsufa, kada kayan su lalace a hannunsa. Kaset hamsin da uku ne.

Rani guda na yi ina juye su cikin kwamfuta ɗaya bayan ɗaya. Da allon ya zo na kwashe su duka na zuba a ciki, na goge tsohuwar kwamfutar na ba ƙanwata da ke karatu. A nan na yi wayon da har yau in na tuna sai in ji kunya. Maimakon in sa kowane rumbu ya riƙe kwafi cikakke, sai na tsara shi yadda kowane karatu za a yanka shi gida uku, kowane rumbu ya riƙe kaso ɗaya, wai don ya fi sauri. Saurin me nake nema da karatun tafsiri, Allah kaɗai ya sani. Na dai ce a raina ai kaset ɗin suna nan in wani abu ya faru.

Da damina ta yi nisa, wata Lahadi matata ta ja kwalin za ta share bayansa, gindinsa ya zube. Gara ta shiga ta gina gidanta a cikin kaset ɗin tun ba mu sani ba, jar ƙasa ta cika su, danshi ya manne zaren. Ko ɗaya bai ƙara juyawa ba. Inna ta fito ta tsaya tana kallon tarkacen. Ni kuwa sai na buɗe murya yadda za ta ji.

"Kada kowa ya damu. Karatun Malam duk yana cikin allon can, da tafsirin da komai, ko tari ɗaya bai ɓace ba. A ba ni mako guda in tace shi, in cire masa ƙarar kaset, kowa ya ji shi tas."

Inna ta leƙa ɗakin ta dubi allon, da wayoyinsa a waje da fitilunsa suna ƙyaftawa. Ta daɗe tana dubansa, sannan ta koma ɗakinta. Ba ta taɓa jin ko kaset ɗaya ba, don na hana kowa ji sai na gama gyara.

Batirin solarmu ya tsufa, ba ya riƙe wuta, saboda haka allon da rana kawai yake aiki, daga hantsi zuwa la'asar sakaliya. Ranar Litinin na kunna shi na ɗora masa aikin tacewa na tafi Roni ina fito. Da na dawo na tarar aikin ya tsaya. Kwamfutoci huɗu duk suna nan lafiya, rumbu na ɗaya da na biyu suna amsawa, na uku ya yi ɓatan dabo. Na kashe na kunna, sai ga shi ya dawo kamar ba shi ba. Amma da yake ana tsakiyar rubutu ya ɓace, injin ya kulle ajiyar gaba ɗaya. Ya ce ba zai buɗe ba sai ya bi rumbunan uku daga farko har ƙarshe ya tabbatar da kowane yanki, kuma aikin zai ci kamar awa bakwai. In aka katse shi, sai ya koma farko.

Na daure. Na ce ai gobe ma rana ce.

Talata na kunna binciken na tafi. Na dawo, rumbu na uku ya sake ɓacewa. Na buɗe littafin da injin ke rubuta duk abin da ya same shi, na ga lokacin: sha biyu da 'yan mintuna. Dalili kuwa babu, cewa kawai ya yi ya kira rumbun bai amsa ba. Laraba ma haka, sha biyu saura.

Daga nan na shiga abin da masu gyara ke yi, wato zargin kowa ɗaya bayan ɗaya. Na zare kwamfuta ta uku na kai ta gurbi na ɗaya, na kawo ta ɗaya na uku, don in ga ko ciwon zai bi kwamfutar ko zai tsaya a gurbin. Ya tsaya a gurbin. Na kife allon na kwance rumbun, na goge haƙoransa da abin goge fensir, na mayar na ɗaure sukurun sosai. Na canja memorin da kwamfutar ke tashi da shi. Akwai wata 'yar ƙwaƙwalwa ta biyar a jikin allon da ke kunna sauran da kashe su, ita ma na sabunta mata manhaja, ina addu'a kada wuta ta ɗauke a tsakiya. Na sa mita na auna wutar da ke shiga, daidai take. Kowace yamma sai in tashi ina murza hannu in ce yau kam na kama ɓarawon, kashegari ya nuna mini ban kama kowa ba.

Abin da ke cina a rai shi ne na san kowace ɓacewa tana iya ƙara ɓata wani yanki. Kuma in rumbu na uku ya tafi bai dawo ba, sauran biyun ba su da amfani, don ba a sauraren kashi biyu cikin uku na kowace kalma. Muryar mahaifina ke nan gaba ɗaya. Na fara cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa.

Ran Alhamis na juya kan matata.

"Da rana in na fita, kina kunna dutsen guga? Ko injin markaɗe?"

"Da wace wutar? Ai tun da ka kawo abin nan ko fanka ba ma kunnawa."

"To wani yana shiga ɗakin nan?"

Ta ci gaba da tsince shinkafarta. "Ni dai ban taɓa maka komai ba."

Na lura da yadda ta ce "ni dai", amma raina a ɓace yake, ban bi ta kai ba. Na yi ta faɗa ni kaɗai a tsakar gida, cewa a gidan nan ba a san darajar kayan aiki ba, cewa ko kaza ce ta shiga a gaya mini. Inna tana ɗakinta, labule a sake.

Ina da taubashi a Babura, ɗan goggona, wanda ya fara da gyaran rediyo ya koma haɗa sola. Bai yi boko mai nisa ba, kuma bai taɓa bari na manta cewa duk da haka shi ake kira in wuta ta lalace. Ran Asabar na kunna binciken na kama hanya ta Achilafiya, gero ya yi tsayi dama da hagu, na same shi a shagonsa yana ciniki da wasu mutanen Nijar. Na zayyana masa komai. Ya saurara yana sakace haƙori.

"Malamin kwamfuta, abin naka da tsakar rana kawai yake suma?"

"Kullum."

"To ai zafi ne."

"Wane irin zafi da damina? Ɗakin da sanyi, ga fanka, kuma in na dawo na taɓa shi lafiya lau. Wuta ce take rawa in rana ta take. Ka ba ni adafta mai ƙarfi kawai."

"Ka auna zafin lokacin da yake suman?"

"Ina Roni zan auna?"

"Ka ce injin yana rubuta komai. Bai iya rubuta zafin jikinsa ba, ko malaminsa ne bai koya masa ba?"

Mutanen Nijar suka yi dariya. Gaskiyarsa ce, layi biyu zan rubuta injin ya riƙa ajiye zafinsa kowane minti, amma da yake daga bakinsa shawarar ta fito, a gaban baƙi kuma, sai na ƙi. Na karɓi adaftar na zuba a jaka. Ya rako ni bakin titi yana cewa in abin ya gagara in kawo masa ya sa masa jiƙo. Na iso gida na tarar rumbu na uku ya yi halinsa.

Lahadi ba aiki. Na haɗa sabuwar adafta, na ja kujera na zauna na sa wa allon ido. Sha biyu ta yi, lafiya. Ƙarfe ɗaya, lafiya. Na yi azahar a ɗakin don kada in ɗaga. Binciken ya wuce rabi, ya kai kashi biyu cikin uku, abin da bai taɓa yi ba. Wajen ƙarfe uku hadari ya haɗo daga gabas, gari ya yi duhu, sola ta ɗauke, allon ya mutu. Ban ji haushi sosai ba, don ai na gano maganin. Na buga wa taubashina waya na ce masa ya riƙe jiƙonsa ya sha.

Litinin na tafi aiki, na dawo, rumbu na uku babu. Na zauna a bakin gado na rasa abin da zan ƙara canjawa. Har na fara tunanin ko abin tsorona yake ji, in ina nan ya natsu, in na ba da baya ya yi abin da ya ga dama.

Ran Talata na kunna na fita kamar kullum. Ban yi nisa da gari ba, daidai inda hanya ke ratsa duwatsu, tayar baya ta yi faci. Mai facin da ke wajen bai fito ba. Na jira na gaji, na buga waya makaranta na ba da haƙuri, na juyo ina tura mashin. Wajen sha ɗaya da rabi na iso gida, gumi sharkaf, na jingine shi a zaure ba tare da ko ƙara ɗaya ba. Na yi sallama can ƙasa-ƙasa don gajiya, na wuce ɗakin karatu.

Ban ga allon ba. A inda yake, wani ƙunshi ne fari a kan tebur, an naɗe shi tsaf, an cusa gefunan ta ƙarƙashi yadda ko iska ba za ta shiga ba. Wayoyin ne kawai suka leƙo ta gefe ɗaya. Na gane mayafin nan take. Hiramin Malam ne, mai kauri, na ulu, wanda yake yafawa a kafaɗa in zai fita tafsiri. Daga ciki ina jin fankar tana nishi, ta tsotso ulun ya toshe mata baki.

Na yaye shi da sauri. Na kai yatsa ƙarƙashin allon, na janye ba shiri. Rumbu na uku shi ne a tsakiyar allon, inda zafin kowa ke taruwa, kuma ya yi zafin da za a iya gasa masara a kai. Irin waɗannan rumbunan in zafi ya kai musu wuya sai su kashe kansu don kada su ƙone. Na tsayar da binciken da hannuna, na kashe komai.

Ina juyowa na ga Inna a bakin ƙofa da butarta a hannu. Bakina cike yake da faɗan kwana tara, na haɗiye shi duka. Na durƙusa.

"Inna, ku ne kuke rufe shi?"

Ba ta dube ni ba. Ƙofar ta duba, kamar da ita take magana.

"An ce karatun Malam yana ciki. Da tafsiri."

"Yana ciki."

"To ayar Allah ce za a bari a buɗe, tsirara, ƙuda na hawa? Shi da ko allon yara bai yarda a bari a ƙasa ba? In mai karatu yana zaune a gabansa, wannan daban. In ya tashi, ai sai a rufe."

Haka Malam yake yi, na sani sarai. In ya gama darasi sai ya naɗe littafin a ƙyalle ya sa a gafaka ya rataye a sama. Inna kuwa kullum tana jin na tayar da mashin sai ta ɗauko hiramin daga ƙasan akwatinta, ta yi alwala, ta zo ta naɗe allon. Da la'asar in ta jiyo ƙarar mashin daga kan kwana sai ta zo ta buɗe ta ninke, tunda mai karatu ya dawo. Kafin in gama gaisawa da mutanen ƙofar gida in ci abinci, allon ya huce. Ba ɓoyewa take yi ba. A wajenta abu ne da ba ya buƙatar a faɗa, kuma ko yana buƙata, ba ni za ta tsaya yi wa bayani ba.

Na sami matata a madafi. "Kin sani?"

"Na sani mana."

"Kika bar ni ina ta kwance sukuru har da zuwa Babura?"

"Ni ce zan kai ƙarar Inna wajenka? Kuma ni ina na san mayafi yana hana kwamfuta karatu?"

Na koma na yi wa Inna bayani a hankali, ina kallon ƙasa, cewa abin yana numfashi ne, in aka toshe shi zafi yake kama shi. Ta ji, amma ba ta sauka daga kan bakanta ba. Ta ce wa matata a ce mini a buɗe dai ba zai kwana ba. Da yamma na je wajen kafinta a bakin kasuwa ya haɗa mini ɗan akwati mai ƙafafu, sama katako, gefe huɗu ragar sauro ta ƙarfe. Na ɗora shi a kan kabad, sama da kan kowa. Inna ta zo ta duba, ta ninke hiramin gida huɗu ta shimfiɗa a kan katakon, gefuna a buɗe. Ta gyara masa kusurwa ɗaya, ta fita. Na kuma rubuta layi biyun nan da taubashina ya ce, ban dai gaya masa ba sai da aka kwana biyu, kuma har yau bai bar ni na huta ba.

Laraba na nemi izini ban je aiki ba. Binciken ya tashi tun hantsi, zafin bai wuce yadda ya kamata ba, kuma ana kiran la'asar ya kai ƙarshe ya buɗe ajiyar. Kafin in yi komai na juye duka a wani rumbu dabam da na aro, washegari na ƙara kwafi biyu, na rushe tsarin yanka ukun nan. Hamsin da ɗaya sun fita lafiya. Biyu sun lalace, in ka kunna sai ƙara kamar ana yaga takarda. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma ban ma san me ke cikinsu ba, don a jikin kaset ɗin aka rubuta, gara kuma ta cinye.

Ban ƙara maganar tacewa ba. Na ɗauki 'yar lasifika na kai ɗakin Inna, matata ta biyo ni. Inna tana kan darduma da carbi.

"A tambaye shi, duka sun tsira?"

"Saura biyu, Inna."

Ta ja carbinta. "Rufin ne?"

"Ni ne na tara su wuri ɗaya ban ajiye wani ba. Laifina ne."

Na kunna wanda hannuna ya faɗa a kai, wani darasin safe a zaure. Ƙarar kaset ta fara, sai gyaran murya, sai Malam. Yana karanta Larabcin yana fassarawa, yana jan ƙarshen kalma yadda ya saba, wani ɗalibi yana amsa masa da na'am. Carbin Inna ya tsaya a hannunta.

Can wajen minti ashirin sai aka ji wani bugu a cikin kaset ɗin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, sau uku. Na san shi, yana cikin kaset da yawa, kuma yana cikin abubuwan da na yi niyyar gogewa, don na ɗauka rikodar ce ke taɓa wani abu. Na ce a yi haƙuri, wannan ƙarar inji ce, zan cire ta daga baya.

"Ni ce," in ji Inna.

Muka dube ta.

"Ludayi ne a jikin ƙyauren zaure. In koko ya sauka haka nake yi masa."

A cikin lasifikar Malam ya dakata. Muka ji ya ce wa ɗalibansa, da 'yar dariya a muryarsa, "To, kun ji an kira ni. Bari mu ƙarasa wannan layin." Sai ya ci gaba da karatu.

Inna ta sa gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa, na kasa gane dariya ce ko kuka.

"Layi ɗaya wai," ta ce. "Sai ya ƙara shafi uku. Kullum da sanyi yake shan kokon nan."

Na ga hawaye ya sauko mata, sai na kai hannu zan tsayar, don ta huta. Ta ɗaga mini yatsa.

"Kada a kashe. A bar shi ya ƙarasa."